Barkonon Kaka a Cikin Bokiti

Akwai wata ƙara da kunnena ya daɗe yana nema a garin nan bai samu ba, ita ce kukan jigo. Wanda aka haifa a Agege ba zai gane abin da nake nufi ba, ko da kuwa Bahaushe ne gaba da baya. Jigo dai doguwar sanda ce da ake ɗorawa a kan gwafa a bakin rijiyar lambu, a ɗaura guga a kai ɗaya, a liƙa curin laka a ɗaya kan. Kai za ka ja gugan ƙasa ya ɗebo ruwa, nauyin lakar ya ɗago maka shi. In ana aiki da shi kuka yake yi, ƙiii, sai ya yi shiru, sai ka ji ruwa ya zuba shaa a magudana ya nufi fangali. Da wannan kukan muke tashi a ƙauyenmu duk rani, tun kafin ladan ya gyara murya. Yanzu abin da ke tashina shi ne jiniyar jirgin ƙasa da ihun yaran motocin haya na danfo da janareton maƙwabta, wanda in ya fara tari sai ka rantse a ƙarƙashin gadonka yake.

Ɗaki ɗaya gare ni a gidan haya na wata dattijuwa Bayarabiya da kowa ke kira Iya. Maiɗakina ta rigaye ni, tana kwance a maƙabartar nan ta Agege. 'Ya'ya sun watse, kowa da inda abincinsa ya kai shi, sai babban ne kawai ya rage kusa, yana Ogba da iyalinsa. Jikokina in sun zo gaishe ni, da Hausa suke fara sallama, kafin su kai ƙarshen gaisuwar sun zame sun koma Yarabanci da Turanci, ni kuwa sai in yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Sa'o'ina da muke zama a bakin masallaci bayan la'asar, wasu sun koma gida Arewa, wasu sun koma gidan gaskiya. Kewa tana damuna, ba zan ɓoye ba. Ba yunwa nake ji ba, ba kuma wulaƙanci ake yi mini ba, sai dai babu sauran mutum ko ɗaya da zan ce masa "ka tuna?" ya ce "na tuna."

A hannun kakana na wajen uba na tashi, kuma a lambunsa na yi wayo. Lambun yana cikin fadama, gangare kaɗan daga gari, inda in ka haƙa ƙasa tsawon hannu za ka tarar da laima ko da tsakar rani. Aikina na farko shi ne tare ruwa. Kaka yana kan jigo, ni ina bin magudana da 'yar fartanya, in buɗe wa wannan fangali ya sha, in toshe da laka, in buɗe wa na gaba. Ƙafafuna kullum a jiƙe, duk sun yi kaushi, ga ƙanshin ganyen albasa da na jiƙaƙƙen taki, ga belbela suna bin mu a baya kamar su ma an ɗauke su aiki. In hantsi ya dubi ludayi sai ƙanwata ta gangaro da kunu a ƙwarya, mu zauna gindin giginya mu sha. Muna shuka albasa da tumatir da alayyafo, amma abin da aka san gidanmu da shi shi ne wani barkono da muke kira ɗan gajere. Bai kai ɗan yatsan jariri ba, yajinsa ba na mugunta ba ne, amma ƙanshinsa in an daka shi a gidanmu sai an sani a gida na uku. Kaka ya ce a hannun ubansa ya gaje shi. Duk shekara yakan zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau ya ɗaura musu tsumma a jikin reshe, kuma wanda ya kuskura ya tsinki mai tsumma, ranar zai san Kaka ba wasan jika kaɗai ya iya ba.

Wata rana da tsakar rana ya kira ni, ya durƙusa gaban wani gindin barkono, ya juya bayan ganyen ya ɗora a leɓensa. Ni kuwa dariya ta kama ni.

Na ce, "Kaka, in kakata ta ji kana sumbatar ganye, yau ba ka da tuwo."

Ya ce, "Kai, malalaci, zo nan. Kai da ba ka da ko akuya kake ƙyashin matata? Sa bakinka a nan."

Na ɗora leɓena, sai na ji ganyen da sanyi kamar gefen randa, ga rana kuwa tana dukan ƙeyata. Ya ja ni can ƙarshen lambu inda wani barkono ya fito da kansa a kan kunya, ruwa ba ya kai masa. Ya ce in taɓa shi ma. Wannan na ji shi da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi.

Ya ce, "To, ka ji bambancin. Shuka da saiwa take sha, amma da ganye take ci. A bayan ganyen nan akwai bakuna ƙanana waɗanda idonka ba ya gani. In ta ƙoshi da ruwa sai ta buɗe su, ta shaƙi iska, rana ta dafa mata abincinta a cikin ganyen, gumin da take yi kuma shi ne sanyin da ka ji. In ƙishi ya kama ta sai ta rufe baki don kada ɗan yawun da ya rage mata ya tsere. To wa ka taɓa gani ya ci tuwo bakinsa a rufe?"

Na ce ban taɓa gani ba. Ya ce shi ya sa ba ƙishi ne ke fara kashe shuka ba, yunwa ce, alhali ga rana a kanta ga iska tana kaɗa ta. Za ta tsaya kore shar, mai wucewa ya ce lafiyarta ƙalau, amma ba ta ƙara ko tsawon farce. Daga nan ta zubar da furenta, ta shiga cin ganyenta na ƙasa har su yi rawaya, kamar gidan da hatsi ya ƙare aka fara sayar da tukwane.

Duk da wannan sanin, Kaka ba ya shagwaɓa shuka. Yana da wata al'ada da yake kira horo. In an yi dashe, barkono ya kama, sai ya ɗauke masa ruwa da gangan. Ka gan shi da azahar ya yi yaushi, kunnuwa sun faɗi, ni har tausayi yake ba ni, Kaka kuwa ko a jikinsa. Yakan ce, "Bar shi ya nema. Ruwa yana ƙasa, in ka kai masa baki kullum yaushe zai san hanya?" Ƙa'idarsa ita ce a duba da sassafe. In gari ya waye ganye ya miƙe, to saiwa tana tafiya ƙasa, a ƙara masa haƙuri. In gari ya waye bai miƙe ba, ya yi kuka ke nan, a ba shi ya sha ya ƙoshi. Maƙwabcinmu na lambu, mahaifin abokina Tanko, ba ya wannan. Mutum ne mai taushin zuciya, safe da yamma jigonsa na kuka, lambunsa kullum luf-luf kamar amarya, mutane suna wucewa suna yabawa suna yi wa Kaka dariyar rowar ruwa.

Sai ga wata shekara damina ta yi gardama, rani ya shigo rijiyoyin fadama ba su cika ba. Aka ƙara wa jigo igiya, aka sake ƙarawa, har ya zama guga laka yake kwasowa. Kukan jigo ya ragu a fadamar nan ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan shirun har yau ina jin sa. Lambun su Tanko shi ya fara tsayawa. Bai bushe nan take ba, ya daɗe a tsaye kore, amma duk ganyen da ka taɓa zafi ne, fure yana zuba ƙasa fari fat. Ranar da suka haƙura, Kaka ya aike ni in taya su tuge shi. Da yatsa biyu kake cire gindi, saiwar duk a sama take, ta baje kamar gemun bunsuru, ba ta shiga ƙasa ko tsawon tafin hannu ba. Tanko yana tugewa yana share hanci da gefen riga. Da na dawo, Kaka ya haƙa gefen wani gindi namu ya nuna mini. Saiwar ta miƙe ƙasa sak, ya zura hannunsa har gwiwar hannu bai kai ƙarshenta ba. Namu ya wahala, amfanin bai kai rabin na kullum ba, amma ya yi 'ya'ya, kuma Kaka ya samu abin ɗaura wa tsumma. Tun daga ranar na riƙe horo kamar karatun allo, babu mai iya gaya mini wani abu a kansa.

Wannan shekarar ce ta koro Tanko nan Ikko, don gidansu ba a iya riƙe baki da yawa. Bayan wasu shekaru ya dawo da agogo a hannu da labarin gari mai ruwa ta ko'ina, ni ma na bi shi. Na ce wa Kaka cin rani zan je, da an yi ruwan fari zai gan ni. Ya dube ni ya ce, "Allah ya sa." Muka yi dakon kwandunan tumatir a Oyingbo, muka koma kasuwar Mil Sha Biyu, daga dako na zama ɗan kamasho, daga nan na yi 'yar rumfata. Kayan lambun Arewa kaf ta hannunmu suke bi, amma ban ƙara dasa ko gindi ɗaya ba. Na yi aure, aka haifi yara, Kaka ya rasu ina nan, labari ya iske ni an riga an yi sadakar bakwai. Kowace shekara ina cewa baɗi zan tattara in koma. In Bayarabe ya tambaye ni gida, sai in ce ai ni baƙo ne a nan, ina hanya.

Tanko ne ya yi zuwan ƙarshe ƙauyenmu, ƙafa ta riga ta hana ni doguwar mota. Da ya dawo ya zauna a bakin gadona ya daɗe yana juya hularsa.

Ya ce, "Malam, fadama fa babu. An cike rijiyarku, an yanka filaye. Giginyar ma an sare."

Na ce, "Jigo fa?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Na tambayi wani saurayi jigo, ya nuna mini shagon mai cajin waya, wai ko sunan mutum ne."

Sai ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihu. Ƙanwata ce ta ba shi, wadda take kawo mana kunu. Ashe duk shekarun nan tana dasa ɗan gajere a bayan ɗakinta, ita kaɗai ta rage da shi a garin. Ta ce a gaya mini idonta ya tafi, 'ya'yanta kuma barkonon kasuwa suke saya, in ina so kada irin ya ɓace to ga shi nan. Na kwance ƙullin, ƙanshin ya bugi hancina, sai da na juya fuska bango don kada Tanko ya ga idona. Ba a rufa shekara ba ta rasu. Tanko ma bai daɗe ba ya bi ta, muka kai shi nan kusa da maiɗakina.

Na adana ƙullin a cikin akwati ina cewa sai na koma gida in shuka shi a ƙasarsa. Na manta Ikko ba Arewa ba ce, a nan ko takalmi ka ajiye sai ya yi furfura. Ran da na buɗe na tarar fumfuna ta cinye fiye da rabi.  Na tsince 'yan ƙwayoyin da suka tsira, na san in na ƙara jira babu abin da zai rage, kuma babu wani wuri a duniya da zan je in ce a sam mini. Tsakar gidan Iya kuwa siminti ne daga bango har bango. Na bi gida-gida na tara tsofaffin bokitan fenti, na roƙi masu shanu taki, na sa aka ɗebo mini ƙasa daga gefen layin dogo. Bokiti na ƙarshe Iya ce ta jefar da shi don gindinsa ya tsage. Na ɗauka don dai babu wani, na ajiye shi can ƙurya wajen rijiya, inda nake alwala, inda simintin ma ya dare ruwa yana shigewa. Ban sa rai da shi ba, don duk abin da ka zuba masa tsiyayewa yake.

Iya ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallona, ta ce da irin Hausarta, "Baba, barkono yana kasuwa, yawa-yawa. Kai tsoho, wahala don me?"

Na ce, "Iya, wannan ba ya kasuwa."

Ta ce, "Eku ishe o," wato sannu da aiki, ta wuce tana girgiza kai.

Suka tsiro, na dasa, suka kama. Wallahi na daɗe ban yi farin ciki irin na kwanakin nan ba. Ina idar da sallar asuba sai in fito in tsuguna a gabansu, har magana nake yi musu ƙasa-ƙasa. Ana nan sai ruwan sama ya ɗauke. Mutanen Arewa suna zaton Ikko ba a ƙishi, to su zo Agege da rani su gani. Rijiyar gida ta ja baya, Iya ta sa mata kwaɗo, ba a buɗewa sai da safe kowane ɗaki ya ɗebi rabonsa. Famfon unguwa sai an kawo wuta, wutar kuwa ta fi baƙon kirki wuyar gani. 'Yan garuwa suka zama sarakuna, sai ka yi ta kira suna tura kurarsu ba su waiwayo ba. Ni ko a jikina. Na ce ai dama lokacin horo ne ya zo, Allah ya haɗa mini biyu. Na ɗauke musu ruwa kamar yadda na gani ana yi. Da azahar su yi yaushi, in ce a raina, ku nema, ruwa yana ƙasa. Da asuba in fito in tarar sun miƙe, in ce madalla, saiwa tana tafiya.

Ashe raɓar garin nan ce take ruɗina. Iskar Ikko da dare a jiƙe take, ko tsumma ka shanya sai ya yi nauyi, ita ce take ɗaga musu ganye kafin gari ya waye. Ina ganin suna nan kore, amma tsayinsu bai ƙaru ba. Fure ya fito ya zube. Ganyen ƙasa ya fara rawaya. Duk alamun nan na san su tun ina tare ruwa, amma na ce horo ne, su daure. Abu ɗaya da zai gaya mini gaskiya shi ne in ɗora ganyen a leɓena, shi kuma kunya ta hana ni. Tsakar gidan haya ce, mata suna wanki, samari suna zaune kan benci da waya a hannu, dama suna ce mini Baba mai gona. Ina zan durƙusa da furfurata in sumbaci ganye a gabansu, gobe in ga kaina a cikin wayoyin unguwa?

Wata Lahadi da hantsi, gidan ya yi shiru, yawancinsu sun tafi coci, na durƙusa na taɓa. Rana ko zafi ba ta yi ba, amma ganyen ɗumi ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk haka. Tun da sassafe suke rufe baki, su wuni a rufe, ban san tsawon lokacin da suka yi ba su ci komai ba ina tsaye a kansu ina yaba musu haƙuri. Na kwaso ruwan shana da na wankana na zuba musu, na ƙara washegari, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Suka bi juna suna kwantawa. Da na kifar da bokitin farko, ƙasar ta fito a dunƙule, sai na ga abin da ya sa na zauna daɓas a kan siminti. Saiwar ta yi abin da aka koya mata. Ta miƙe ƙasa sak har ta iske gindin roba, da ta rasa hanya sai ta shiga zagayawa, ta zagaya, ta sake zagayawa, ta nannaɗe kamar gammo, fara fat, tana neman laimar da babu ita. Horon Kaka na mai fadama ne a ƙarƙashinsa. Na daɗe zaune da gammon nan a hannuna, ga baƙin ciki ga haushin kaina, kuma babu wanda zan nuna wa ya gane abin da yake gani. Gindi ɗaya ne ya rage da rai, na fasasshen bokitin nan na ƙurya. A ruɗewar da na yi ban ko kai kansa ba ranar, na ɗauka shi zai riga kowa tafiya.

A cikin kwanakin ne babban ɗana ya zo. Ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, da "kai" muke gaisawa har ya yi furfurar gemu. Ya daɗe yana matsa mini in koma wurinsa Ogba, ina ce masa sai an kwana biyu. Ya tarar da ni a gaban busassun bokitai, na ba shi labari, har da maganar bakunan ganye.

Ya ce, "Baba, ai wannan shi ne fotosintesis da aka koya mana a makaranta. Wallahi haka yake, har hoton bakunan an zana mana a allo. Wa ya gaya wa kakanku?"

Na ji daɗi har raina, na gyara zama zan ba shi labarin jigo da shekarar da rijiya ta ƙafe, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ce, "Sori Baba, oga ne," ya fita waje yana Turanci. Da ya dawo labarin ya riga ya huce. Ya ce, "Baba, don Allah abeg, zaman nan ya isa. Ba ruwa, ba wuta, ba kowa naka a gidan nan. In wani abu ya same ka fa? Ga ɗaki can mun gyara, ruwa har cikin banɗaki." Wannan karon ban yi gardama ba. Na gaji, kuma abin da nake tsaro ya ƙare. Na ce ya zo ran Asabar ta sama.

Ya zo da 'yar motar kaya wajen azahar. Kayan tsoho ba su da yawa, katifa da akwati da buzu da rediyo, nan da nan aka loda. Matan gida suka fito suna yi mini sai wata rana, Iya tana share ido da gefen zane tana cewa wa zai riƙa yi mata faɗa a kan kwaɗon rijiya. Na ce wa ɗan nawa ya ɗauko mini bokitin can na ƙurya, in ya so ya mutu a Ogba. Ya sunkuya ya kama bakinsa ya ɗaga. Bokiti ya ƙi tasowa. Ya ce, "A'a, me aka sa a ciki?" Ya gyara tsayuwa zai fizga da ƙarfi.

Na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba tun yana yaro. "Kai! Sake shi!"

 Na dafa bango na durƙusa, na kwantar da kaina har kunnena ya taɓa siminti, na leƙa ƙarƙashi. Ga ta nan. Saiwa ce mai kaurin tsinken tsire, ta fito ta tsagar bokitin, ta shige ta darewar simintin, ta tafi ƙasa inda ruwan alwalata yake shigewa sau biyar a rana. Na ɗago, na kama ganye na juya bayansa, a gaban matan gida da samarin benci da wayoyinsu, na ɗora a leɓena. Rana tana tsaka, ganyen kuwa sanyi kamar gefen randa. A ƙarƙashinsa ga fure fari, ga wani har ya ɗaura ɗa, kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Na ce a sauke mini katifata.

Ya ce, "Haba Baba! Saboda barkono? Mu yanke jijiyar mana, a can sai a ba shi ruwa safe da yamma."

Na ce, "In ka yanke ta ka yanke shi. Ba zan tashi ba sai ya nuna na ɗaura masa tsumma."

"Yaushe ke nan?"

"Ba ni nake nunar da shi ba."

Ya yi magiya, ya yi fushi, ya kira ƙanwarsa a waya ta yi nata. Daga ƙarshe ya sauke kayan da kansa, ya mayar da katifar inda take, ya durƙusa ya yi mini sallama fuskarsa a ɗaure. Har ya kai ƙofa sai ya waiwayo ya dubi bokitin, ya ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, abu a cikin roba, an ajiye shi na ɗan lokaci, ya aka yi ya kama ƙasa haka?" Bai jira amsa ba, direba yana ta danna masa oda.

Motar ta tafi, mata suka koma wankinsu, samari suka koma wayoyinsu. Aka kira sallah, na ɗauko butata na tsuguna a ƙuryar nan, ina alwala ina kallon ruwan yana bin darewar siminti yana shigewa. Tanko ne kaɗai zai ji amsar ya yi dariya har ya share hawaye, shi kuma yana can bayan layin dogo kusa da maiɗakina. Don haka ganyen na gaya wa, a hankali, yadda ba wanda zai ji.

Na ce, "Kada ka damu. Ni ma cin rani na zo."